Mu Ba Rawaya Gurbi a Tsakar Gida

Ku ɗan matso kusa, ƙawayena, ke da ke bakin ƙofa jawo tabarmarki ciki, akwai wata magana da nake ta ajiye mana tun da ruwa ya fara ja da baya. Kun lura da yadda gidajenmu ke komawa da zarar Oktoba ta raba? Kwanan nan fa ko'ina shar, kabewa ta haye danga, kuɓewa na ta fure, yakuwa ta yi jajir a bayan ɗaki, sai kawai a wayi gari ganye ya soma kwanciya, iska ta juya, leɓe ya fara tsagewa, kowacce na cigiyar inda ta ajiye man kaɗanyarta. Muna murnar kaka, wallahi muna yi, ga sabon gero ga ɗanyar gyaɗa ga rake, amma can ƙasan zuciya akwai wani ɗan kewa da ba mu cika faɗa wa juna ba. Ido ya saba da launi wata huɗu ko biyar, yanzu an bar shi da ƙura da karmami. Ayya, kowa ta san abin da nake nufi.

To ni dai ina da wadda nake so mu gayyato gida, kuma ba baƙuwa ba ce, 'yar garinmu ce da muka bari a daji. Rawaya. Tsiron nake nufi, wanda su Inna ke kira balagande a wani wuri, a wani wurin kuma zunzuna. Na ga wasunku sun yi murmushi, kun tuna ta ke nan. Wadda ta taɓa bin Goggo itace ko ta je ganin gida a ƙauye bayan an yi girbi, ai ba za ta manta ba: kina tafe cikin saura, komai ya bushe, kwatsam sai ga wani fure rawaya shar yana kallonki, har sai kin ja birki kin ce, kai, wannan kuma daga ina?

Su biyu ne fa, 'ya da ƙanwa, kuma halinsu ya bambanta. Doguwar ita ce masana ke kira Cochlospermum planchonii, sunan da aka raɗa mata don girmama wani masanin tsirrai Bafaranshe, Planchon, wanda ya rasu a 1888. Takan miƙe ta kai mita 2, wani lokaci ta ɗan wuce, ganyenta mai yatsu, samansa kore mai duhu, ƙasansa fari-fari mai laushi. Duk damina tana tsaye shiru ba ta ce wa kowa komai ba, sai ruwa ya zo ƙarshe, sauran furanni sun fara tattara komatsansu, sannan ta buɗe nata a can ƙololuwar kara. Ta fi son inda ruwa ke da ɗan yawa, irin dazuzzukan kudancin Kaduna, Neja, Filato da Bauci, kuma ana samunta tun daga Senegal har Chadi da Kamaru. Gajeriyar kuwa, Cochlospermum tinctorium, ita ce mai abin mamaki. Da damina ganye kawai take yi, bai fi ya kai miki gwiwa ko cinya ba, da rani ya shigo sai ya bushe ta ɓace ɓat. Sai an ƙona daji, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da toka, sannan furen ya ɓullo daga ƙasa kai tsaye, babu ganye ko ɗaya a jikinsa. Rawaya a kan baƙi, 'yan uwa. Duk wadda ta gani sau ɗaya, ta gani ke nan har abada.

Ina so wata rana ku durƙusa ku dubi furen nan da kyau, kar ku wuce a tsaye. Faɗinsa kan kai santimita 6 ko fiye. Kunnuwa biyar gare shi, masu laushi, kowanne ya ɗan hau kan ɗan uwansa, in rana ta bugo su ta baya sai ki ga haske na ratsawa. A tsakiya akwai wani tarin zare-zare masu yawan gaske, kowanne da ɗan kai dogo a samansa, sun yi cunkus suna rawa in iska ta taɓa su. Da sassafe ya fi kyau, raɓa ba ta gama bushewa ba, sanyi na ɗan cizon yatsu, ke kuma kin naɗe hannu cikin mayafi kina kallo kin manta da ruwan da kika ɗora. Hmm, wannan daɗin ba a sayar da shi a kasuwa.

Yanzu ga sirrin da ya sa na ƙara sonta, ku kasa kunne. Waɗancan 'yan kawunan da ke tsakiya, a cikinsu garin fure yake, kuma a rufe suke, sai wata 'yar ƙofa ƙanƙanuwa a can sama. Ba kowane ƙwaro ke iya fitar da garin ba. Kun san baƙin ƙudan nan mai ƙiba, wanda ke huda itacen rumfa yana zubo mana da gari a ka, mai ƙugi da ƙarfi, wanda yara ke gani su watse da ihu? To shi ne gwanin. Yakan sauka ya rungume zaren, ya kama karkarwa da dukan jikinsa, zzzz, sai garin ya feso ta ƙofar nan ya baɗe masa ciki, kamar dai yadda muke kaɗa kwalbar hoda kafin ta yarda ta ba mu ko kaɗan. Daga nan ya tashi fututu ya faɗa wani furen, ya shafa masa, barbara ta auku, ɗa ya ƙullu. Ƙudan zuma da duk ƙwazonsa bai iya wannan karkarwar ba. Kun ji fa, wanda muke bi da tsintsiya ashe babban ma'aikaci ne! Ku yi dariyarku, ni ma sai da na ƙyaƙyata ranar da na fara sani.

Dalilin da ya sa makarar furen ke da daraja shi ne, da damina ƙwari ba su da matsala, abinci ko'ina, ko ciyawar bakin hanya fure take. Da ruwa ya ɗauke sai kasuwarsu ta fara watsewa. Mangwaro da kaɗanya sai hunturu ya yi nisa suke fure, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Tsakanin nan akwai 'yan makonni masu wuya, kuma duk tsiron da ya buɗe fure a lokacin ya yi wa ƙwari babbar rana. In ƙwarin nan suka ragu, mu ne za mu ji a tukunya. Kaɗanya na dogara da ƙudan zuma kafin ta yi 'ya'ya da yawa, to ku tuna man da muke ta cigiya ɗazu. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya nuna auduga da riɗi sun fi yawa kuma sun fi nagarta inda ƙudan zuma ya ziyarci furensu. Wani babban rahoto na duniya da ya fito a 2016 ya ce kusan kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gonar da ɗan Adam ke ci suna amfana da barbarar da ƙwari da tsuntsaye da jemagu ke yi. Kantun riɗin da muke ɓoye wa yara mu ci da dare, ashe da hannun ƙuda a ciki. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware ranar 20 ga Mayu ta zama ranar ƙudan zuma, mu kuwa tun muna 'yan makarantar allo mun san akwai sura guda, ta 16, da aka sa wa sunansa. Allah mai hikima.

Abin da ke ɗan sosa mini rai, in mun tashi ƙawata gida sai mu nufi masu sayar da fulawa a bakin titi, mu kwaso na waje. Furen takardar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, ja ko shunayya, asalinsa Kudancin Amurka ne. Yana da kyau, ban ce a sare ba, ni ma ina sonsa. Akwai kuma wani dogon fure rawaya da ke cika bakin hanya a tsakiyar Najeriya da kaka, mutum sai ya rantse namu ne, alhali daga Mekziko da maƙwabtanta ya zo, kuma inda duk ya kafa sai ya danne 'yan gida ya mamaye fili. Tamu kuwa tana can ta san ƙasarmu, ta san ranarmu, ta san wata bakwai ba ruwa, ba ta neman a bi ta da bokiti safe da yamma, amma ba wanda ya taɓa ce mata bismillah, shigo. Ku dubi mutanen Habasha. Suna da nasu furen daji rawaya, adey abeba, mai buɗewa a ƙarshen daminarsu. Ranar sabuwar shekararsu, 11 ga Satumba, 'yan mata ke ɗaure shi dami-dami su bi gida-gida suna waƙa, sun mai da shi abin alfaharin ƙasa. A Amurka ma masu lambu na shuka nasu furannin daji masu makara, rawaya da shunayya, saboda wani malam-buɗe-littafi da ke tashi da kaka ya yi tafiyar da kan kai kilomita 4,000 zuwa duwatsun Mekziko, yana shan ruwan fure a hanya. Kowa na riƙe da nasa, mu ma ai muna da namu, ko ba haka ba?

Ba wai mun raina rawaya ba ne gaba ɗaya, a'a, saiwarta muka sani, furen muka manta. Wadda ta taɓa ganin an fasa saiwar ta san yadda cikinta yake, rawaya mai ratsin ja, in kin taɓa sai ta bar miki shaida a yatsa. Da ita ake rina zare da tufa da fata, da ita ake gyara launin man kaɗanya da man girki, garinta kuma kan shiga miya ya ba ta kala inda babu manja. Ɓawon karan doguwar ana tufka igiya da shi. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna ba da ita ga mai shawara, a Burkina Faso har sarrafa ta ake yi ana sayarwa da sunan N'Dribala saboda zazzaɓin cizon sauro. Amma tsakaninmu, 'yan uwa, in idon yaro ya yi rawaya, a ɗauke shi a kai asibiti tukuna, kar a tsaya jiƙo. To wannan farin jinin na saiwar shi ne ke cin ta. Duk ran tsiron a saiwa yake, in an haƙe ta an gama da shi. A Jamhuriyar Benin, inda garin saiwar ke da kasuwa sosai, masana sun fara nuna damuwa kan yawan haƙar. Ga noma na cinye saura, ga feshin maganin ciyawa da ba ya tambayar sunan kowa. Shi ya sa tsofaffi ke cewa da can a bayan gari ake ganinta, yanzu sai an yi nisa. Abin tausayi, wallahi.

Don haka abu na farko, don Allah kada wadda ta tashi daga nan ta aiki yaro da fartanya ya haƙo mata. Iri za mu nema. Bayan fure da 'yan makonni tsiron kan ƙulla ɗa, ɗan ƙwanso mai tsawo kaɗan, in ya bushe ya yi ruwan ƙasa sai ya tsage da kansa, farin gashi mai laushi ya leƙo. A da, da shi mutane ke cusa matashin kai. Ki sa yatsa ki tsefe gashin a hankali, za ki ji 'yan ƙwayoyi masu tauri, baƙi-baƙi, a lanƙwashe. Ki ɗebi kaɗan daga wannan gindi, kaɗan daga wancan, ki bar wa daji rabonsa. Ki shanya su a inuwa, ki ƙulle a takarda ko tsumma mai tsabta, ban da leda, ki sa a inda ɓera da danshi ba za su kai ba. A ƙasan adaka kusa da turaren wuta ma ya yi, in dai ba za ki manta ba, hehe.

Shuka kuwa sai damina ta sauka sosai, wajen Yuni, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Ƙwayar na da taurin ɓawo, ruwa ba ya saurin ratsa ta, don haka ki ɗan goga gefenta a dutsen wasa wuƙa, kaɗan fa, har dai ki ga launin ciki ya fara bayyana, ki jiƙa ta ta kwana. Wurin da za ki sa ta shi ne rabin aikin. Rana take so, cikakkiya, ba gindin mangwaro ba. Ƙasa mai tsakuwa ko marmara ko jigawa wadda ruwa ke wucewa, ita ce tata. Kun ga kusurwar nan da muke cewa ba ta yin komai, ko kuɓewa ta ƙi? Sau da yawa ita ce daidai. Inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya kuwa, saiwar ruɓewa za ta yi. Taki ɗan kaɗan ya isa, ba masara ba ce. In gidan haya kike, ko tsakar gidan duk suminti ne, ki samu rabin durom ko tsohuwar randa mai zurfi, ki huda gindin, ki zuba tsakuwa kafin ƙasa, saboda saiwar na son wurin miƙe ƙafa. Ki kewaye ta da 'yar ƙaya ko tsohon kwando saboda tonon kaji da ɓarnar awaki.

Daga nan sai haƙuri, ƙawata, kuma nan ne zuciya ke gwada mutum. Da fari duk ƙarfinta a ƙasa take zubawa, tana gina saiwa, abin da za ki gani a sama ɗan tsiro ne da ba zai burge kowa ba. Rani na zuwa zai bushe ƙurmus. Ranar za ki tsaya a kansa jiki a sanyaye ki ce shi ke nan, ta mutu. Ba ta mutu ba! Barci take. Ki kafa ɗan dutse ko tsinke a wurin don kar mai shara ko maigida ya bi ta kai da fartanya, kar kuma tausayi ya sa ki riƙa kwarara mata ruwa. Ruwan fari na sauka za ki ga ta turo sabon kara, ya fi na bara kauri. Wadda ke son fure da kaka, doguwar za ta nema, ita ba ta jiran wuta, ki dai yanke busasshen karan bayan kin kwashe iri. Mu kuma ba za mu cinna wa tsakar gida wuta don gajeriyar ba, Allah ya kiyaye, wannan a bar ta a gefen gona inda ta saba. Ranar da ta fara buɗe miki kuwa, na san ki, sai kin kira kowa a waya kafin ki karya.

Kada a bar ta ita kaɗai, a yi mata ƙawaye, yadda in wannan ta rufe waccan ta buɗe. Shuwaka dai tana gidajenmu da yawa, sai dai ba ma barinta ta yi fure, kullum wuƙa na kanta. Bana ki bar mata reshe biyu su tsufa. Cikin hunturu za ta fitar da tarin 'yan fararen furanni masu ƙamshi, ƙudan zuma zai yi mata dafifi har ki ji gunjinsa daga ɗaki, kuma a Habasha zumar furenta sananniya ce. Ga ta da sauƙi, reshe kawai ake yankowa a kafa. Akwai cika-saura, mai kara a miƙe da ƙulle-ƙulle masu ƙaya hawa-hawa, furenta ruwan lemo, ita ce abar son ɗan tsuntsun nan mai siririn baki a lanƙwashe, sha-kauci, wanda bayan namijinsa ke walƙiya in rana ta taɓa shi. Tumfafiyar bayan katanga ma kar a raina ta, a ganyenta malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da baƙin gefe da ɗigon fari ke ajiye ƙwansa, kuma dangi ne na kusa ga wancan matafiyin na Amurka, sai dai a hana yara wasa da ƙaronta saboda ido. Masu gona kuwa, in akwai gawo a bar shi, shi da ke fitar da ganye da fure daidai lokacin da kowa ke zubarwa. Oh, gawo, mai halin kansa.

Na ga wata tana ta mutsu-mutsu, na san tambayar: harbi fa, ga yara? Ki kwantar da hankalinki, aminiya. Ƙudan da ke kan fure cikinsa ne a gabansa, ba ya kula kowa sai an kama shi ko an taka shi, faɗansa a bakin amyarsa yake. Ki dai nesanta shukar da ƙofar ɗaki da wurin wasan yara, in kuma a gidan akwai wanda harbi ke kumbura wa jiki sosai, to a kai ta gona. Ki ajiye ɗan kasko a gefe da ruwa da 'yan tsakuwa a ciki yadda za su sauka su sha ba su nutse ba, kina sauya ruwan bayan kwana biyu saboda sauro. Wannan ma zai rage musu zarya a bakin randarki. Feshi kuwa a yi nesa da shi muddin fure na buɗe. In ya zama dole a yi wa kayan lambu, a bari sai magariba ta kawo jiki, ƙwari sun koma makwanci. Ku ɗan raɗa wa mazan gida wannan cikin lallashi, kun fi ni sanin lokacin da suke jin magana, hahaha.

Yanzu dai ga kaka ta shigo, doguwar na can tana fure, nan da 'yan makonni ƙwanso zai fara tsagewa. Duk wadda za ta ƙauye biki ko gaisuwa, ta samu Inna ko Kaka ta tambaye ta inda rawaya ke fitowa, su sun san gindinta ɗaya bayan ɗaya. Ki tafi da 'yar takarda a jaka, ki ɗebo da ɗan dama, ki tuna da mu da ba mu samu zuwa ba. In kin dawo ki aiko mana, mu raba ko ƙwaya biyar-biyar ce, mu ajiye sai Yuni in Allah ya kai mu.